Badon Turai a tsakar gidan Katsina: anya zai rayu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Katsina ce. Mun sa magini ya yi mana ɗan tafki na siminti a tsakar gida, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, zurfinsa iya gwiwa. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo mini da saiwar bado guda uku, irin wanda ke jure sanyin can, ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya rawaya. Yaya ake dasa shi, kuma anya zai rayu a zafin nan namu? Maigida kuma sai maganar sauro yake yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ranki ya daɗe. Zai rayu in Allah Ya yarda, sai dai ukun ba za su ji daɗi daidai ba, kuma tafkin naki yana bukatar gyara kafin bazara ta kama. Amma tun kafin mu je can, in saiwar tana ƙulle a leda har yanzu, a fitar da ita yau ɗin nan, a sa ta a bokiti da ruwa mai tsafta, a ajiye a inuwa. In ta bushe ta mutu, in kuma ta daɗe a leda cikin zafi ta ruɓe. Ki matsa kowace da yatsa. Mai rai za ki ji ta da tauri kamar ɗanyar citta, kuma a can bakinta ɗaya za ki ga toho, wasu ƴan ganyaye a naɗe masu launin ja-ja. Inda ya yi laushi ko yake wari a yanke shi da wuƙa mai tsafta har a kai ga farin nama, a shafa garin gawayi a wurin yankan.

Wannan bado da ƙanenki ya kawo asalinsa na ƙasashen sanyi ne. Yawancin waɗanda ake sayarwa a Turai yau jikokin aikin wani Bafaranshe ne mai suna Joseph Bory Latour-Marliac, wanda ya kafa gandun renon tsirrai a kudancin Faransa a 1875. Kafin shi, badon da Turawa suka sani a tafkunansu fari ne. Shi ya riƙa haɗa na Turai da waɗanda aka kawo daga nahiyar Amurka har ya fitar da rawaya da ruwan hoda da ja, ya kai su babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1889. A can mai zanen nan Claude Monet ya gan su, daga baya ya yi odar su ya dasa a tafkin gidansa. Abin da ake yabon irin nan a kai shi ne saman ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara, saiwar tana kwance a ƙasa ba abin da ya same ta, sanyi na wucewa ta toho. Wannan baiwar ba ta da aikin yi a Katsina. Mu abin da zai gwada shi shi ne watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ba shi da zurfi ya yi ɗumi har ƙasa.

Akwai kuma maganar tsawon yini. A Ingila, lokacin da yake fure, yini yakan wuce awa 16. Mu a nan tsakanin awa 11 da 13 muke yawo shekara duka. Saboda haka kada ki sa ran zai cika tafkin da furanni yadda kika gani a hoto. Zai yi fure, amma jefi-jefi, kuma lokacin da na fi ganin irin nan yana walwala a wajenmu shi ne daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, sa'ad da ruwa ya yi sanyi.

Cikin ukun, rawayan ne na fi ba amana. Launin rawaya a wannan dangin daga wani bado na Meksiko da kudancin ƙasar Amurka ya samo asali, ƙasashe masu zafi, don haka jininsa ya san rana. Farin yana biye da shi. Jan ne abin tausayi, musamman in ja ne mai duhu: furen yakan sha zafin rana, gefen ya yi baƙi ya yi laushi tun kafin azahar, sai ka ga kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ba ciwo ba ne, ƙuna ce. Shi za a ba wurin da inuwa ta fi saurin kaiwa.

To, batun zurfi, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Iya gwiwa bai wuce santimita 45 zuwa 50 ba. Bahon da za a dasa badon a ciki zai cinye santimita 20 daga ciki, saura 25 ko 30 a kan tohon. A Ingila wannan ya isa. A tsakar gidan Katsina da ke kewaye da bango da daɓen siminti, ruwa mai wannan zurfin yakan yi ɗumi daga sama har ƙasa tun kafin la'asar, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, saiwa ta wahala, kifi ya wahala. A kira maginin ya ɗora layin bulo ɗaya, in da hali biyu, a yi filasta mai kyau, zurfin ya kai santimita 70 zuwa 80. Riba biyu ce: ƙasan ruwan zai zauna da sanyi, bakin tafkin kuma zai ɗaga sama da daɓe, ruwan damina da ke wanke tsakar gida, da kumfar omo da kashin awaki, ba zai gangara ciki ba. Ya bar ɗan bututu a kusa da baki, a ɗaure masa raga, domin in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta rarar ta fita ba tare da kifi ba.

Sabon siminti kuma ba a dasa komai a cikinsa kai tsaye. Yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa wanda ke ƙona saiwa, yana kashe kifi. A cika shi da ruwa, a bar shi mako guda, a zubar, a goge bangon da burushi, a sake cikawa. A yi haka sau uku ko huɗu. Na san ruwa kuɗi ne a garin nan, amma wanda aka zubar yana iya yin wankin tsakar gida ko yayyafin ƙura. Duk tsawon wannan lokacin saiwar ba za ta zauna a bokiti ba, za a dasa ta a bahonta, a nutsa bahon cikin rabin duro ko babbar roba a wurin da rana ke taɓawa da safe kawai. A nan za ta fara kama ƙasa kafin tafkin ya shirya.

Ban ba ki shawarar zuba ƙasa a ƙasan tafkin gaba ɗaya ba. A baho ake dasawa, mai faɗi, ba mai zurfi ba, domin saiwar irin nan a kwance take tafiya, ba ƙasa take nutsawa ba. Bahon roba na wanki mai faɗin santimita 40 da zurfin 20 ya yi daidai, baƙi ya fi don ba a hango shi ta cikin ruwa. Ba sai an huda shi ba. Kowace saiwa da bahonta. In aka haɗa su, mai ƙarfin cikinsu za ta danne sauran, kuma kusan kullum rawayan ne ke yin wannan ɗanyen aikin.

Ƙasar da za a zuba ita ce inda mutane da yawa ke yin asara. Ƙasarmu ta Katsina zuwa Daura yawanci jigawa ce, rairayi, ba ta riƙe abinci, ba ta riƙe saiwa. Ita kuma baƙar ƙasar da masu sayar da furanni ke haɗawa da buntun shinkafa da taki, da zarar ta shiga ruwa sai ta taso sama, ruwan ya yi baƙi ya fara wari. Bado laka yake so. A samo laka daga gonar fadama, daga wurin da ake noma, ba daga cikin kududdufi ba, a shanya ta a rana ta bushe ƙamas, a farfasa, a tsince saiwoyin ciyawa. Kashi biyu na laka, kashi ɗaya na ƙasar gona. Wanda fadama ta yi masa nisa, ƙasar tsohon suri tana yi. Gwajin mai sauƙi ne: ki jiƙa, ki dunƙula a hannu, ki buɗe. In dunƙulen ya zauna har shatin yatsunki ya fito a jikinsa, ta yi. In ya wargaje, rairayi ya yi yawa. Kashin kaji kada ya kusanci bahon nan. Kashin shanu ma sai wanda ya shekara ya koma ƙasa, shi ma cikin hannu ɗaya a can ƙarƙashi, a rufe shi da laka.

Ga yadda hannu ke yi. A cika bahon da jiƙaƙƙiyar ƙasa har saura kamar yatsu uku ya cika, a danna sosai don iskar ciki ta fita. A ɗauki saiwar, a jingina ɓangaren da aka yanke da jikin bahon, tohon yana kallon tsakiya, a ɗan karkace, gindin a ƙasa, kan a sama. Dalilin sa shi a gefe shi ne ya samu filin da zai yi tafiya ya ratsa bahon. A baza ƙananan jijiyoyin, a rufe su, a danne. Tohon kuwa dole ya kasance a waje, ana ganinsa. Binne toho shi ne ya fi kashe sabon dashe, domin a nan ruɓa ke farawa. Daga nan a wanke tsakuwa, a shimfiɗa ta a kan ƙasar kaurin yatsu biyu, a zagaye tohon kada a danne shi. In saiwar tana neman tasowa, a ɗora mata ɗan dutse a bayanta. Sai a nutsa bahon a hankali, a ɗan karkace, za ki ga kumfa tana fita, a jira ta gama.

Kada a kai shi ƙasan tafkin a ranar farko. A jera bulo ko jan bulo a ƙarƙashinsa yadda ruwan da ke kan tohon ba zai wuce santimita 15 zuwa 20 ba. In ganye huɗu ko biyar suka fito suka kwanta a kan ruwa, a cire bulo ɗaya. Ganyen za su nutse, kada ki damu, cikin kwana biyu ko uku karansu zai ƙara tsawo su sake fitowa. A bi da haka har ruwan da ke kan tohon ya kai santimita 45 zuwa 55. Abin da ya sa ake wannan lallaɓawar shi ne da ganye bado ke numfashi. Ƙofofin shaƙar iskarsa a saman ganye suke, saɓanin yawancin tsirrai da nasu suka fi yawa a ƙasan ganye, kuma in kika karya karan za ki ga ramuka a jere a ciki, ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke cikin laka. Sabon dashe da aka jefa can ƙasa sai ya ƙarar da ɗan abincin da ke jikinsa wajen neman kaiwa sama. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba ya shiri da famfon ado mai feshi. Ruwa kwantacce yake so. In maigida yana son jin ƙarar ruwa, a sa ƙarami a can lungu ɗaya, nesa da ganyen.

Littattafan Turawa za su ce a ba shi rana yini guda. Mu a nan awa shida ta safe ta wadatar, daga hantsi zuwa azahar, sannan inuwa ta karɓa. In akwai bango ko ɗaki a yammacin tafkin, kin huta. In babu, daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa a kafa ƴar rumfar zana ko raga ta gefen yamma, a cire ta in damina ta zauna. Inuwar itace kuwa ban so ta ba, musamman bedi, wanda wasu ke kira darbejiya. Ganyensa da ƴaƴansa za su riƙa zuba suna ruɓewa a ciki, saiwarsa kuma in ta ji danshi sai ta nemi hanyar fasa siminti. Inuwa in ta yi yawa ita ma matsala ce: ganye zai yi kyau, fure babu.

Bado acici ne. Wanda ba a ba shi taki ba ganyensa sai ya riƙa ƙanƙancewa yana ɗashewa. A Turai ƙwayoyin taki na musamman suke turawa cikin ƙasar bahon, mu kuma muna iya haɗa namu. A ɗebi takin zamani NPK 15-15-15 cikin cokalin shayi ɗaya, a naɗe shi a tsakiyar dunƙulen laka, a shanya ya bushe. Biyu sun isa baho ɗaya. A tura su da yatsa can ƙasa, nesa da saiwar, a toshe ramin da laka. Ana farawa ne bayan ganye sun fito sun kama, a maimaita duk wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi muddin yana fitar da sabon ganye. A tsakiyar zafin bazara, in kin ga ya tsaya cak, a dakata da taki, hutawa yake yi. Abin da ba a yi ko kusa shi ne watsa taki a cikin ruwan, balle yuriya. Gansakuka za a ciyar, kuma kifi zai mutu.

Ita gansakukar ma za ta zo ko ba a gayyace ta ba. Mako biyu ko uku da cika tafkin ruwan zai koma kore shar, kuma abin da kowa ke yi shi ne ya zubar ya sake sabo, bayan kwana goma ya sake komawa kore. A bar shi. Rana ce da abincin da ke cikin ruwan ke haifar da ita, in ganyen bado suka rufe rabin fuskar tafkin ko sama da haka kaɗan, sai ta rasa haske ta ja baya da kanta. Mai zare-zaren nan da ke manne wa kara, a sa sanda a murɗa a naɗo ta. Ganyen da ya yi rawaya a tsinke shi daga can ƙasan karan. Kowane fure kwana uku ko huɗu yake yi, yana buɗewa yana rufewa, sannan ya nutse. Shi ma a bi karansa a cire.

Ki yi lissafin ruwa tun yanzu. A bazara da lokacin iskar hunturu, buɗaɗɗen ruwa a yankinmu yakan ragu da kusan santimita ɗaya a yini. A tafki mai mita 3 da mita 2, santimita ɗaya lita 60 ke nan, sama da jarka biyu ta ƴan garuwa. A riƙa cikowa kaɗan-kaɗan da yamma, ya fi a bari ya sauka sosai sannan a kwarara masa da yawa lokaci guda. Ruwan rijiya da na burtsatse duk suna yi. Na famfo, in ana jin warin maganin da ake sa masa, a tara shi a duro ya kwana. Da hunturu kuma ƙura takan kwanta a kan ganyen ta toshe masa hanyar numfashi, sai a riƙa ɗauraye su da butar ban ruwa da sassafe. Haka ake yi wa ƙananan ƙwarin nan irin darɓa da ke taruwa a kan ganye da karan fure: a wanke su da ruwa su faɗa, kifi ya cinye. Akwai kuma wata tsutsa da ke yanke gefen ganye ta rufe kanta da shi tana yawo a kan ruwa, ita da hannu ake tsince ta. Maganin feshi na gona ba ya shiga tafkin da ke da kifi.

Maigida yana da gaskiya kan sauro, a gaya masa na ce haka. A zafinmu sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma ruwa kwantacce mai ganye a kai wurin haihuwa ne. Maganinsa kifi, amma ba kowane ba. Tarwaɗa za ta tone bahon, ta dama ruwan ya koma kunu. Karfasa tana cin tsutsar sauro tana ƙarama, amma in ta girma sai ta koma kan sabon toho, ga haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya dace shi ne ƙananan kifin ado da ake kira gofi, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ana samunsu wajen masu sayar da kifin gilashi. Goma ko goma sha biyar sun isa farawa, za su hayayyafa da kansu. Kada a cika su da abinci, kifin da ya ƙoshi ba ya farauta. Rabin duron da za a fara renon badon a ciki ma a jefa masa biyu ko uku, don nan ne sauro zai fara samun wuri. Kananzir ko baƙin mai da wasu ke zubawa a kwata don kashe tsutsa, in ya shiga nan ya gama da badon da kifin gaba ɗaya. Ki kuma sa rai da kwaɗi da damina, da kukansu, kuma inda kwaɗo ya yawaita maciji yakan leƙo, don haka kada a tara tarkace ko ciyawa a bakin tafkin. Agwagwa kuwa, in kina kiwonta, sai dai ki zaɓa tsakaninta da bado.

Yanzu bari in faɗi abin da ba ki tambaya ba. Da ni ne da tafkin nan, baho biyu zan ba baƙin nan na Turai, na ukun kuma in ba wa badonmu na gida, wanda ke fitowa a tafkuna da fadamun ƙasar Hausa ba wanda ya dasa shi. Masana suna kiransa Nymphaea lotus, shi ne farin badon da mutanen Masar na dā suka zana a gine-ginensu tare da ɗan'uwansa shuɗi. Ana bambanta shi da na Turai ta ganye: namu gefensa tsaga-tsaga ne irin haƙoran zarto, na Turai gefensa sumul. Furen namu yana ɗagowa sama da ruwa, na Turai a kan ruwan yake kwanciya. Namu ya san bazara tun kaka da kakanni. Tafki ya ƙafe, laka ta tsattsage, kansa, wato dunƙulen saiwarsa, yana kwance a ƙasa, ruwan farko na sauka ya farka. Mutanen karkara sun san shi da wata fuska ma, domin ana cin ƴaƴansa da saiwarsa, kuma ya ceci rayuka a shekarun yunwa.

Abin da ya fi jan hankalina game da shi shi ne lokacin buɗewarsa. Na Turai da hantsi yake buɗewa, ya rufe wajen la'asar, wato daidai lokacin da ba mai zama a tsakar gida a garin nan, kowa yana ɗaki ko wurin aiki. Namu kuwa da almuru yake buɗewa, ya kwana a buɗe, sai hantsi ya ɗaga sannan ya rufe. Wanda ya shimfiɗa tabarma bayan isha'i zai gan shi, wanda ya fito bayan asuba zai gan shi. Aibinsa girma. In ya samu sake zai mamaye tafkin ya rufe baƙin, shi ya sa a baho za a tsare shi, a kuma riƙa cire furen da ya gama kafin ya zubar da iri. Akwai wani ma na Afirka ta Yamma, mai ƙaramin fure fari da ɗan shuɗi-shuɗi, wanda ke haihuwa ta ganye: a daidai inda kara ya haɗu da ganye sai ɗan tsiro ya fito. Wanda ya ci karo da shi, ganye ɗaya ya ishe shi iri.

Sai dai ɗebo bado daga kududdufi yana da haɗarin da ba a wasa da shi, wato tsargiya, ciwon fitsarin jini. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa take girma, daga nan ta fito ta shiga fatar wanda ya taɓa ruwan, kuma ƙarƙashin ganyen bado yana cikin wuraren da suka fi son maƙalewa su yi ƙwai. Wanda zai ɗebo ya sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu, ko kuma a bari sai rani, ruwa ya janye, a tono kan daga busasshiyar laka. Lakar wurin kada a zo da ita gida, domin dodon koɗin yakan shige cikinta ya jira damina. A wanke kan tas, a cire tsofaffin ganye, a duba ƙasan waɗanda suka rage, in an ga wani abu mai yauƙi a manne, ƙwai ne, a kankare. A dasa shi a baho daban cikin duro, a sa masa ido wata guda, duk dodon koɗin da ya ɓullo a tsince, sannan a kai shi tafki. Kainuwa ma takan biyo shi. An ce mata dashen Allah, to a bar ta inda Ya dasa ta, domin guda ɗaya in ta shiga tafki mai taki, cikin ƴan makonni ba za ki ƙara ganin ruwa ba.

Maganar yara ba ta bukatar dogon bayani. Ruwa iya gwiwa ma yana iya halaka mai rarrafe, balle an ƙara masa zurfi. In akwai ƙanana a gidan ko jikoki masu zuwa, a sa maƙeri ko mai walda ya yi shinge mai ƙofa, ko ragar ƙarfe mai ƙwari da za a kwantar a ƙarƙashin fuskar ruwan kaɗan, ganye ya riƙa fitowa ta ramukanta. A yi wannan kafin a zuba ruwan farko.

Bayan shekara ɗaya ko biyu za ki ga ganyen sun cunkushe, wasu suna miƙewa tsaye sama da ruwa, fure ya ragu. Bahon ne ya cika. A fito da shi, a juye, a wanke lakar, za ki tarar saiwar ta yi rassa, kowane da tohonsa. A yanka kowane reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10 da toho mai ƙarfi, a shafa gawayi, a dasa a sabuwar ƙasa, tsohon gindin da ya yi baƙi a yar. A Turai sai shekara uku ko fiye suke wannan aikin, amma a ruwa mai ɗumi girma ya fi sauri. Farkon damina ko ƙarshenta ne lokacinsa, ba tsakiyar bazara ba. In kuma kika ga ganye suna rawaya gaba ɗaya, kina ja suna tsinkewa daga gindi ba wuya, ga wari, ruɓar kai ce. A fitar da bahon nan take, a zubar da shi da ƙasarsa nesa, kada ya shafa wa sauran.

In jan bai kai labari ba, kada ki nemi maye gurbinsa da ƴaƴan iri da ake tallatawa a intanet da hotuna masu launi bakwai. Irin nan na haɗi yawancinsu ba sa yin ƴaƴa, waɗanda ke yi kuma abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba. Ta saiwa ake yaɗa su. In ƙanen naki zai sake zuwa, ya nemi waɗanda aka fitar a ƙasashe masu zafi. Akwai wani bado da ake kira Colorado, mai launi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, wanda Kirk Strawn ya fitar a jihar Texas ta Amurka a 1994, da Wanvisa na ƙasar Tailan, mai ɗigo-ɗigon rawaya a kan ruwan hoda, wanda ya ci gasar sabon bado ta duniya a 2010. Dukansu dangin masu jure sanyin ne, amma zafi ba baƙonsu ba ne. Ya kuma nemi izinin hukumar NAQS, mai kula da shigo da tsirrai da dabbobi ƙasar nan, tun kafin ya taso, ya zo da saiwar a wanke ba ƙasa a jikinta, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda.